Angola da Yaƙin Cacar Baka: wa ke jan akalar wa?

A watan Mayun 1985 sojojin gwamnatin Angola suka yi kiciɓis da wani ƙaramin ayarin kwamandojin Afirka ta Kudu a dajin Kabinda, yankin Angola mai arzikin mai, kusa da Malongo. Aka kashe biyu, aka kama jagoransu, Kyaftin Wynand du Toit, da rauni a jiki. Da aka fito da shi gaban 'yan jarida a Luanda sai ya faɗi abin da ya kawo su: fasa tankunan man fetur na Malongo. Tankunan kuwa na Gulf ne, kamfanin Amurka da Chevron ya saye shekara guda kafin nan. Ke nan sojan ƙasar da ke kiran kanta garkuwar Turawan Yamma a kudancin Afirka ya zo tarwatsa dukiyar Amurkawa. Dukiyar nan ita ke cika baitulmalin gwamnati mai bin aƙidar gurguzu, da kuɗinta ake sayen makaman Sobiyet, kuma cikin masu gadin yankin har da sojojin Kyuba.

Wanda ya koyi Yaƙin Cacar Baka a aji zai ji wannan kamar almara. Abin da aka koya mana shi ne bayan 1945 duniya ta rabu gida biyu. Amurka da 'yan jari-hujja suka ƙulla ƙawancen NATO a 1949, Tarayyar Sobiyet da nata mutanen suka mayar da martani da ƙawancen Warsaw a 1955. A Turai wannan zane gaskiya ne, har katanga aka gina masa a tsakiyar Balin a 1961. Kowa ya san iyakarsa, kuma tun da Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya a 1949 kowa ya san abin da ƙetare iyakar zai jawo. Shi ya sa aka yi shekara arba'in ƙawancen biyu suna hararar juna a Turai ba tare da gwabzawa ba. Wutar sai ta koma cin gefe: Koriya, Biyetnam, Kwango, Afganistan. A gefen ne zanen ke rikicewa, kuma babu inda ya rikice kamar Angola.

Ana yawan kawo maganar nan da ke cewa in giwaye biyu suna faɗa, ciyawa ke shan wahala. Ta fuskar wahala ta yi daidai, don 'yan Angola sun sha ta iya sha. Amma tana ɓoye abu guda. Ciyawa ba ta aika wa giwa goron gayyata, a Angola kuwa an aika, kuma ba sau ɗaya ba.

Sai an fara da Fotugal, wadda ta yi wa Angola mulkin mallaka, kafin a fahimci sauran. Ƙasa ce ƙarama, matalauciya a ma'aunin Turai, ƙarƙashin kama-karyar Salazar, amma tana cikin ƙasashe goma sha biyu da suka kafa NATO, ƙawancen da ya ce don kare 'yanci aka kafa shi. Abin da ya ba ta wannan kujera shi ne tsibiran Azores a tsakiyar tekun Atlantika, inda Amurka ke da sansanin jirage a Lajes. Da yaƙi ya ɓarke a Angola a 1961, Shugaba Kennedy ya ɗan matsa wa Lisbon a Majalisar Ɗinkin Duniya. Salazar ya tuna masa cewa hayar sansanin ta kusa ƙarewa, sai matsin ya yi sanyi. A Oktoban 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ta Lajes jiragen Amurka suka riƙa bi da makamai zuwa Isra'ila bayan sauran ƙawayenta na Turai sun noƙe. Duk ɗan gwagwarmayar Angola da ya je neman bindiga a Yamma, wannan lissafin ne ya tarar a bakin ƙofa. Ba abin mamaki ba ne da yawa suka juya gabas.

Ƙungiyoyi uku ne suka ɗauki makami, kuma abin da ya raba su ya girmi Mosko da Washinton. MPLA ta Agostinho Neto, likita kuma mawaƙi, ƙarfinta na Luanda ne da ƙasar Mbundu, tare da 'yan boko da masu ruwa biyu, kuma shugabanninta sun daɗe da hulɗa da 'yan kwaminis na Fotugal. FNLA ta Holden Roberto ta Bakongo ce a arewa. Shi Roberto yawancin rayuwarsa a Kinshasa ya yi, kuma tun farkon shekarun 1960 yake karɓar ɗan alawus daga hukumar leƙen asirin Amurka, CIA. Ta uku UNITA ce, wadda Jonas Savimbi ya kafa a 1966 bayan ya ɓata da Roberto, tana dogara da Ovimbundu na tsaunukan tsakiya, ƙabila mafi yawa a ƙasar. Savimbin da Reagan zai karɓa daga baya a matsayin gwarzon yaƙi da kwaminisanci, a Sin ya yi horon soja a 1965, da kalaman Mao ya fara wa'azinsa, kuma takardun da suka fito bayan faɗuwar mulkin mallaka sun nuna ya taɓa yin sulhun ɓoye da sojojin Fotugal don a haɗu a kan MPLA. Ita aƙida a wurinsa riga ce, yana sauyawa gwargwadon mai ba da ɗinki.

Ranar 25 ga Afrilun 1974 ƙananan hafsoshi da suka gaji da yaƙe-yaƙen Afirka suka kifar da gwamnati a Lisbon. A Janairun 1975 aka tara ƙungiyoyin uku a garin Alvor na Fotugal, aka yanke cewa za su yi gwamnatin riƙon ƙwarya tare, a ba da 'yanci ranar 11 ga Nuwamba. Babu wanda ya sa hannu da zuciya ɗaya. Kowa ya gane cewa wanda ke riƙe da Luanda ranar 'yanci shi ne gwamnati, saura kuwa 'yan tawaye. Kwanaki kaɗan bayan Alvor Amurka ta amince a ba Roberto dala dubu 300. Makaman Sobiyet kuma suka fara shigowa MPLA ta Brazzaville. Har yau masu kare kowane ɓangare suna gardamar wa ya fara, gardamar da ba ta ƙarewa domin kowa yana fara ƙidaya daga ranar da ta yi masa daɗi.

Akwai giwa ta uku da ake yawan mantawa. Sin ƙasar kwaminis ce, amma tun bayan da sojojinta suka yi musayar wuta da na Sobiyet a kogin Ussuri a 1969, babbar maƙiyiyarta Mosko ce. Don haka a 1974 ta tura malaman soja sama da ɗari zuwa Zayar (Kwango ta Kinshasa a yau) su horar da FNLA, ƙungiyar da CIA ke ciyarwa. Almajiran Mao da ma'aikatan Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka, suka zama 'yan gida ɗaya.

A Yulin 1975 MPLA ta kori FNLA daga Luanda. A nan goron gayyata ya yi aiki. Kenneth Kaunda na Zambiya ya riga ya je Washinton tun Afrilu ya nuna wa Shugaba Ford damuwarsa. Damuwar ba ta aƙida kaɗai ba ce: tagullar Zambiya da ta Zayar ta layin dogon Benguela take fita zuwa tashar Lobito, wanda ya riƙe layin ya riƙe musu maƙogwaro. Mobutu, shugaban Zayar, kuma yana hangen man Kabinda, yana kuma tsoron maƙwabciyar da za ta ba 'yan tawayensa mafaka. Shi Henry Kissinger abin da ke cin sa daban ne. Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya, ta faɗi ranar 30 ga Afrilu, kuma yana ganin dole a nuna wa Mosko cewa Amurka ba ta kwanta dama ba. Babban jami'insa mai kula da Afirka, Nathaniel Davis, ya gargaɗe shi cewa aikin ba zai ɓoyu ba kuma ba za a ci riba ba. Da aka ƙi ji sai ya ajiye muƙamin. Ranar 17 ga Yuli kumbon Apollo na Amurka ya haɗu da Soyuz na Sobiyet a sararin samaniya, 'yan sama-jannatin ƙasashen biyu suka yi musabaha duniya tana kallo. Washegari Ford ya amince da shirin sirri na CIA a Angola, wanda kafin ƙarshen shekara ya ci kusan dala miliyan 32.

Kuɗi da bindigogi ba su isa su mayar da mayaƙan Roberto sojoji ba. Masu sojojin gaske a yankin su ne Turawan Afirka ta Kudu, waɗanda ke riƙe da Namibiya da ƙarfin tsiya, suna fargabar 'yan SWAPO, masu fafutukar 'yancin Namibiya, su sami gindin zama a kudancin Angola. A Agusta suka mamaye madatsar ruwan Calueque. Ranar 14 ga Oktoba rundunarsu mai motoci masu sulke ta tsallaka iyaka ta nufi arewa, garuruwan bakin teku suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da Sin ta ga da wa za a gan ta a layi, sai ta tattara malamanta ta fice.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaure wa Washinton kai. Neto ya roƙi Habana, wato gwamnatin Kyuba. Akwai malaman soja 'yan Kyuba ɗaruruwa a ƙasar tun Oktoba, amma ba za su iya tare sulke ba. Ranar 4 ga Nuwamba Fidel Castro ya yanke shawarar tura dakaru, ya sa wa aikin suna Carlota, sunan wata baiwa 'yar Afirka da ta jagoranci tawayen bayi a Matanzas a 1843. Bai nemi izinin Brezhnev, shugaban Sobiyet, ba. Ya san Mosko tana lallaɓa dangantakarta da Amurka, tana son a kammala yarjejeniyar taƙaita makaman nukiliya, kuma in ya tambaya za a ce ya dakata. Rukunin farko da tsofaffin jiragen Britannia ƙirar Ingila suka tashi, suna yada zango shan mai a Barbados da Gini Bisau da Brazzaville, sojojin sanye da kayan gida kamar 'yan yawon buɗe ido. Sai a Janairun 1976 jiragen Sobiyet suka shiga jigilar dakarun. Zuwa bazarar wannan shekara sojojin Kyuba a Angola sun haura dubu 30.

A lokacin Kissinger ya ɗauka Castro karen farautar Mosko ne kawai. Shekaru bayan haka ya rubuta da hannunsa cewa hujjojin da suka fito sun nuna akasin haka. Kada a wuce gona da iri: ba don makaman Sobiyet da tallafin da ke riƙe da tattalin arzikin Kyuba ba, da Castro bai iya zama a Angola ko shekara ɗaya ba. Yaro ne a gidan, amma yaron da ya san in ya tsunduma cikin faɗa ubangida ba zai iya naɗe hannu ya bari a yi masa duka a bainar jama'a ba. Wannan shi ne ƙarfin ƙaramin aboki a Yaƙin Cacar Baka, kuma Mobutu da Vorster, firaministan Afirka ta Kudu, irin wannan lissafin suka yi da Amurka. Na Castro ya ci, na Vorster ya faɗi.

Jajibirin 'yanci, 10 ga Nuwamba, Roberto ya tunkari Luanda ta Quifangondo da mayaƙansa, da sojojin Zayar, da sojojin haya 'yan Fotugal, manyan bindigogin Afirka ta Kudu suna mara masa baya daga kan tudu. Hanya ɗaya ce tak ta ratsa fadama. Rokokin BM-21 da 'yan Kyuba ke sarrafawa suka yi musu ruwan wuta, runduna ta watse, kuma FNLA ba ta sake farfaɗowa ba. A ranar wakilin Fotugal ya sauke tuta, ya ce ya miƙa mulki ga al'ummar Angola ba tare da ambaton kowa ba, ya hau jirgin ruwa. Tsakar dare Neto ya yi shelar jamhuriya. Ƙasar da ta riga kowa amincewa da shi ita ce Birazil, wadda janar-janar masu ƙin kwaminisanci ke mulki a lokacin. Harshe ɗaya, teku ɗaya, ga kasuwa, ga mai.

Nijeriya a farko tana tare da masu cewa a haɗa ƙungiyoyin uku a gwamnatin haɗin kai. Janar Murtala Muhammed bai fi wata huɗu a kan mulki ba, kuma babu mai ce masa ɗan gurguzu. Soja ne horon Sandhurst, ƙasarsa tana cikin manyan masu sayar wa Amurka ɗanyen mai. Abin da ya sauya lissafi shi ne tabbacin cewa sojojin wariyar launin fata suna cikin Angola suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da UNITA da FNLA. A ƙarshen Nuwamban 1975 Legas ta amince da gwamnatin MPLA, ta kuma ba ta dala miliyan 20. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: daga ranar da aka ga Savimbi da Roberto tare da Pretoria, wato gwamnatin Afirka ta Kudu, duk wata hujjarsu ta zube a idon yawancin 'yan Afirka. Akwai kuma tsohon miki. A yaƙin basasar Nijeriya Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Sobiyet ce ta kawo jiragen MiG. Hafsoshin da ke Barikin Dodan ba su manta ba.

Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da ya kamata su ɗauka a taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Gwamnatin Murtala ta saki wasiƙar ga jaridu, ta ce cin fuska ne. Ranar 11 ga Janairun 1976 ya tsaya a Adis Ababa ya ce Afirka ta kawo ƙarfi, ta fita daga inuwar kowace ƙasar waje, kuma ba za ta ƙara karɓar umarni daga kowa ba komai girmansa. Mu kan tuna jawabin, mu manta cewa bai ci ƙuri'a a ranar ba. An tashi kunnen doki, ƙasashe 22 da 22, Uganda da Habasha suka ƙi jefawa. Ɗaya ɓangaren, wanda Senghor na Sanagal ke gaba, yana da tasa hujjar: in an yarda sojan waje ya naɗa gwamnati yau don ya zo daga Habana, me za a ce gobe in ya zo daga wani wuri? Kaunda ma a wannan watan ya yi kashedi da damisa mai ɓarna da 'ya'yanta da ke shigowa ta ƙofar baya, kowa kuma ya gane da wa yake. Filin daga ne ya raba gardamar. Ranar 11 ga Fabrairu ƙungiyar ta karɓi gwamnatin Neto. Kwana biyu bayan haka aka harbe Murtala a titin Legas. Da Kissinger ya zo rangadin Afirka a Afrilu, Nijeriya ta ce ba ta shirya karɓarsa ba.

A Washinton kuwa asiri ya riga ya tonu. Ranar 19 ga Disamban 1975 Majalisar Dattawa, da ƙuri'a 54 da 22, ta toshe kuɗin, sannan dokar da ake kira da sunan Sanata Dick Clark ta haramta taimakon ɓoye a Angola. Majalisar da ta fito daga Biyetnam ba ta da sha'awar wani dajin. Afirka ta Kudu ta waiga ba ta ga kowa ba, ta janye a ƙarshen Maris 1976. P. W. Botha, ministan tsaronta a lokacin, ya faɗa wa majalisarsu daga baya cewa Amurka ce ta zuga su sannan ta bar su a rana. Ita Mosko nasarar da ta zo mata a sama ta ruɗe ta, ta ɗauka ana iya cin riba a Afirka ba tare da an biya a wani wuri ba. Ta maimaita a Habasha a 1977, kuma kowane mataki ya ƙara wa masu tsattsauran ra'ayi a Amurka hujja. Tun a Maris 1976 Ford ya daina furta kalmar sassauci da ake yi wa dangantakar laƙabi da ita.

Cikin gidan gurguzun ma ba a zauna lafiya ba. Ranar 27 ga Mayun 1977 Nito Alves, tsohon ministan cikin gida da ake gani ya fi kowa kusanci da Mosko, ya yi yunƙurin kifar da Neto. Tankokin Kyuba ne suka ƙwato gidan rediyo suka ceci gwamnati. Abin da ya biyo baya kisan dubban mutane ne ba shari'a, yawancinsu matasan MPLA, kuma an yi shekaru ba a iya ɗaga maganar a Luanda. Masu ɗaukar MPLA a matsayin jarumar labarin su kan tsallake wannan babin.

Zuwan Reagan ya sake hura wutar. Jami'insa Chester Crocker ya ɗaure 'yancin Namibiya da ficewar Kyuba daga Angola: babu wannan sai da wancan. An soke dokar Clark a 1985, aka karɓi Savimbi a Fadar White House a Janairun 1986, makaman kakkaɓo jirage ƙirar Stinger suka fara isa gare shi ta sansanin Kamina a Zayar. Duk wannan kuma Chevron tana haƙar mai a Kabinda tana biyan Luanda. Kuɗin harajin Ba'amurke yana sayen makamin da ake harbo jirgin da kuɗin man Ba'amurke ya saya.

A 1987 masu ba da shawara na Sobiyet suka tsara babban farmaki a kan Mavinga, ƙofar hedikwatar Savimbi. 'Yan Kyuba suka ce ganganci ne, suka ƙi shiga. Sojojin Afirka ta Kudu suka ragargaza rundunar Angola a kogin Lomba, ragowar suka ja da baya zuwa Cuito Cuanavale. Castro ya sake yin gaban kansa, ya ƙara dakaru har suka kai dubu 50, ya riƙe garin, sannan ya tura wata runduna kudu maso yamma har bakin iyakar Namibiya. Wa ya ci Cuito? Janar-janar na Pretoria sun ce ba su taɓa niyyar kama garin ba, kuma alƙaluman asara suna gefensu. Mandela kuwa da ya je Kyuba a 1991 ya ce a nan aka karya camfin cewa sojan farar fata ba ya ciwuwa. Ni ina ganin abin da ya fi muhimmanci shi ne sararin sama ya kuɓuce wa Afirka ta Kudu, gawarwakin samarin Turawa sun fara yi wa gwamnati nauyi a gida, Gorbachev na Sobiyet kuma yana neman rage kashe kuɗi a ƙetare. Kowa ya gaji a lokaci guda. Ranar 22 ga Disamban 1988 aka sa hannu a kan yarjejeniyar janye sojojin Kyuba da 'yancin Namibiya a New York. Namibiya ta sami 'yanci ranar 21 ga Maris 1990, sojan Kyuba na ƙarshe ya bar Angola a Mayun 1991, bayan sun rasa mutum sama da dubu biyu.

Da a ce yaƙin na Mosko da Washinton ne kawai, da a nan ya tsaya. MPLA ta yar da Markisanci a 1990, Tarayyar Sobiyet kanta ta rushe a ƙarshen 1991. Aka yi zaɓe a Satumban 1992, José Eduardo dos Santos, injiniyan man fetur horon Baku da ya gaji Neto a 1979, ya sami kusan kashi 50, Savimbi ya sami 40. Savimbi ya ce an yi maguɗi ya koma daji, kuma shekaru biyun da suka biyo baya sun fi duk na baya zubar da jini. An yi wa Huambo da Kuito, biranen tsaunukan tsakiya, ƙawanya har suka zama kufai. Yanzu babu ubangida a kowane gefe: gwamnati tana sayen makami da mai, UNITA da lu'ulu'u, galibi daga rumbunan tsofaffin ƙasashen Warsaw da ke gwanjon kayansu. Tsofaffin sojojin Afirka ta Kudu da suka yi wa Savimbi yaƙi suka dawo a matsayin sojojin haya, wannan karon gwamnati ke biyan su don su yaƙe shi. A Mayun 1993 Amurka ta amince da gwamnatin da ta yi kusan shekara goma sha takwas tana ƙin gani. Savimbi ya ci gaba har 22 ga Fabrairun 2002, ranar da sojoji suka ritsa shi a dajin Moxico suka harbe shi. Makonni shida bayan haka aka tsagaita wuta. Mutanen da suka mutu tun 1975 ana ƙiyasta sun kai rabin miliyan, kuma har yanzu ana tono nakiyoyi a gonakin da ke kewaye da Cuito Cuanavale.